Sawun Allura a Tozai

A cikin jakar da matafiyin ya rungume a motar Illela akwai wata tsohuwar riga ta saƙi, wadda kakansa ya sha zuwa Idi da ita tun kafin a haife shi. Asu ya taɓa ta a kafaɗa, bakin aljihun kuma ya ɓarke har ya ci ɗaya daga cikin asaken da aka yi mata. Teloli uku ya kai wa a cikin garin Sakkwato. Kowannensu ya shimfiɗa ta, ya shafa, ya yaba, sannan ya naɗe ya miƙo masa, ya ce keke ba ya shiga wannan aiki, in aka matsa sai dai ya ƙara yaga ta. Na ukun ne ya ba shi shawara ya nemi tsofaffin da suka yi karatun allo da allura a hannu, ya kuma kwatanta masa wani dattijo a Tozai, can ƙasar Illela.

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce, hanya ta miƙe arewa sak. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe sama har mutum na iya kallon rana ido da ido. An gama kaka, gonaki sun koma fili, sai tarin karan gero da rumbunan laka a bayan gidaje, sai kuma koren albasa duk inda aka gangara fadama. Mota ta wuce Kware, garin da Abdussalami ya zauna har rikicinsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙare a 1818. Ta wuce Gwadabawa, ribaɗin da Marafa Muhammadu Maiturare ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19 don tsare arewacin daula da zaunar da manoma, kafin shi kansa ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Direba bai tsaya ɓata lokaci ba. A 'yan shekarun nan, saboda rashin tsaro, duk mai bin hanyoyin wannan yanki yana lissafin tafiyarsa ne da tsayin rana.

Ranar Lahadi ce, ranar da kasuwar Illela ke ci. Birnin Konni yana nan tsallake, tafiyar 'yan mintoci a kan babur, kuma a bakin 'yan kasuwa naira da sefa tare suke yawo, wannan ya yi ciniki da dubu, wancan ya mayar masa da jika. Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka, aka bi ta ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908, amma dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, harshe ɗaya, tufafi iri ɗaya. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk rufewa sai ta taɓa mai sayar da zare kamar yadda take taɓa mai sayar da raƙumi.

Layin 'yan yadi cike yake da shadda mai ƙyalli da riguna ɗinkakku waɗanda injin kwamfuta ya yi wa aiki, goma iri ɗaya a rataye, ba wadda ta fi wata ko da ɗigo. Matafiyin bai daɗe a nan ba. Abin da ya tsayar da shi yana can gefen kara, kusa da inda ake ɗaure jakuna.

Wani mutum ne zaune a kan buhu yana ɗinka akumari. Ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya jera tsummoki da ciyawa mai laushi a kai, ya rufe da wani ƙyallen, sannan ya ɗauki basilla mai tsawon tafin hannu yana huda duka ukun a lokaci ɗaya. Ya soka daga sama, ya lalubo tsinin daga ƙasa, ya ja zare har sai wurin ya lotsa, ya matsa gaba kamar faɗin yatsa uku ya sake sokawa. Layi bayan layi, abin da ya fara a matsayin tarin tsumma ya zama shimfiɗa mai kumbura-kumbura wadda ba ta zamewa. Hikimar a fili take: in ba a ɗinke cikin ba, kwana biyu kaya za su tura ciyawar gefe guda, bayan jaki ya yi gyambo. Ɗinkin ne ke riƙe kowane abu a inda aka ajiye shi.

Wannan dabara, ta haɗa sama da ciki da ƙasa a ɗinke su wuri guda, ita ce ta taɓa tufatar da dawakin sarakunan ƙasar Hausa. Sunanta lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ana cusa audugar rimi tsakanin ƙyallaye biyu, a bi da ɗinki kusa da kusa, a rufe doki tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma a yi masa nasa. Audugar rimi ba ta da nauyi kamar ƙarfe, amma in ta matsu a cikin ɗinki sai ta shanye ƙarfin kibiya kafin tsinin ya kai ga fata, kuma a ƙasar da ake shafa wa kibiya dafi, hana ta taɓa jini shi ne komai. Masu ɗinkin ba su tsaya ga amfani kawai ba. Sukan yanka ƙyalle ja da fari da baƙi da rawaya, su jera su dara-dara ko masu kusurwa uku, ta yadda daga nesa za a gane 'yan lifidin wane ne ke tafe.

Lifidi yana da nasa rauni. Wuta na kama shi, zafi na gajiyar da doki, kuma wanda ya faɗo da shi da wuya ya tashi da kansa. A Tabkin Kwatto, yamma da nan, ranar 21 ga Yunin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa galibinsu maharba ne a ƙasa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma maharban ne suka yi rinjaye. Duk da haka daular da aka kafa ba ta yar da lifidi ba. Baturen nan Clapperton, da ya bi rundunar Muhammadu Bello zuwa wani birnin Gobirawa a 1826, ya ga 'yan lifidi da idonsa, ya rubuta cewa sai an taimaka wa mahayin kafin ya iya hawa. Yau a hawan Salla ake ganinsu, a Kano da Katsina da Zazzau, suna gaban sarki, kuma a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Dubban mutane kan ɗaga waya su ɗauki hoton dokin. Ba kasafai ake tambayar wanda ya zauna wata da watanni yana cusa audugar yana bin ta da allura ba.

Daga Illela ɗan kabu-kabu ne ya ɗauki matafiyin. An bar kwalta, aka shiga yashi, babur na tangaɗi tsakanin gonaki, ana wuce amalanken shanu da 'yan mata ɗauke da ƙwaryar fura. Tozai na ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, ƙasar manoma da makiyaya, inda rani kan kwashe matasa da yawa zuwa cin rani a birane. Waɗanda suka rage kowa da abin da hannunsa ke yi kafin ruwa ya sauka: wani igiya, wani zana, wani gyaran rumbu. Ɗinkin hannu ma a nan sana'ar rani ce.

Dattijon yana zaune a bakin zaure inda haske ya fi faɗowa, ya miƙe ƙafa ɗaya, farin yadi a kan gwiwarsa. A gefensa akwai allo jingine da bango, da ƙaramin gwangwani mai allurai.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Maraba, ɗana. Kun taho lahiya?"

Sai da aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Sakkwato da sanyin bana, sannan baƙon ya kwance jakarsa. Dattijon ya karɓi rigar da hannu biyu. Bai tsaya kallon gabanta ba, inda asake takwas suka zubo daga wuya da kafaɗa zuwa aljihu, dogaye masu tsini suna kallon ƙasa. Juya ta ya yi, ya fito da cikinta waje, ya kusantar da ita ga idonsa, ya bi bayan aikin da ɗan yatsa kamar mai bin layin karatu. Ya daɗe a haka.

"Wagga riga ta girme ka," in ji shi. "Kuma mutum biyu sunka yi ta."

Ya nuna masa. A kewayen wuya da kan asake, ɗinkin a matse yake, kowane taki daidai da ɗan'uwansa, ba a ganin ƙulli ko ɗaya domin mai aikin yakan ɓoye bakin zare a ƙarƙashin wanda ya gabata. A tambarin baya kuwa, wannan babban da'ira mai naɗewa kamar gammo, takin ya fi faɗi, wani wuri zaren ya ɗan saki, kuma akwai ƙulli biyu a fili. Malami ya yi gaba, ya bar wa almajirinsa baya. A wata kusurwa ma, inda almajirin ya kauce wa zane da kamar faɗin ƙwayar gero, ana iya hango sawun tawada, ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, amma tana nan. Shekara da shekaru rigar na cikin gidan su matafiyin, an sa ta, an wanke, an naɗe, ba wanda ya taɓa sanin tana ɗauke da wannan labari a bayanta.

Tawadar nan ita ce mabuɗin sana'ar. Babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Mata ke kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa shi siraran ƙyallaye, wasu faɗinsu bai wuce yatsu biyu ko uku ba, kuma gwargwadon sirantarsu da yawansu gwargwadon darajar rigar. Marina su tsoma abin da za a rina a baba. Maɗinki ya haɗa ƙyallayen gefe da gefe, ya fitar da wuya da aljihu, ya sa shafi a ƙasa. Sannan a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malamin allo ne, ya ɗauki alƙalamin kara da tawadar da yake rubuta wa yara darasi, ya zana aska da tambari da gidan biyar da dagi a kan yadin, ba ma'auni, ba takardar kwafi. Daga nan masu surfani su karɓa. A ƙarshe mabuga su ɗora ta a kan gungume su yi ta bugu har zaren ya kwanta ya yi sheƙi. Dangantakar allo da allura ba ta rasa dalili: almajiri na buƙatar sana'ar da zai yi a zaune, wadda ba ta hana baki tilawa, kuma wadda kayan aikinta za su shiga aljihu in tafiya ta kama. Dattijon ma haka ya koya, a zamanin da ya yi gabas neman karatu.

Wurin da ya fi cin rai shi ne cikon da ke tsakanin asake. Daga nesa kamar farin fili ne mai ɗan kauri. Da aka matso sai ga shi ƙananan huji ne, ɗaruruwa, jere kamar saƙar zuma, kowanne an buɗa shi da tsinin allura an kewaye bakinsa da zare har ya tsaya da kansa. Baƙon ya gwada ƙirga na cikin faɗin babban yatsansa, ya wuce ashirin bai kai ƙarshe ba. Irin wannan ciko ne ke sa babbar riga ta ɗauki watanni, kuma shi ne ke cin idon mai yin sa.

Zaren kuwa tsamiya ne. Siliki ne na daji, wanda wasu tsutsotsi ke saƙa wa kansu gida da shi a jikin itatuwa, cikinsu har da itacen tsamiya da ya ba shi suna. Ana tattaro gidajen, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a kaɗa kamar auduga. Ba shi da ƙyallin silikin kanti. Launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa yake, yana da ɗan kaushi a hannu, amma yana daɗewa ƙwarai, shi ya sa asaken rigar kakan suka fi yadin da ke ɗauke da su ƙarfi. Attajiran da kan haɗa shi da alharini, jan silikin da fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus su ratsa Sahara da shi.

A ƙarni na 19 riga dukiya ce, har ana iya cewa kuɗi ce. Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaji, ya yi wasiyya da a kula da masu sana'a da kasuwanni. Sarakunan daula kan aiko da riguna Sakkwato cikin gaisuwarsu, daga Sakkwato kuma a raba wa malamai da jarumai da baƙi, kuma har gobe naɗin sarauta ba ya cika sai da riga da rawani. Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 ko fiye, suna isa har Tumbuktu da Murzuk. Nufawan Bida sun yi suna a wannan aiki har aka riƙa cewa rigar Nufe. Daga Ilori salon ya shiga ƙasar Yarbawa, fatake kuma suka kai shi Gwanja da Adamawa. Aska takwas da ke kan gwiwar wannan dattijo a Tozai ita ce dai za a gani a tsohuwar riga a Salaga ko a Garwa.

Ana cikin haka wata 'yar jikarsa ta fito da fura, goye da ƙaninta, an lulluɓe shi da wani ɗan bargo saboda sanyi. Baƙon ya roƙi a ba shi ya gani. Guntayen atamfa ne, ragowar ɗinkin Salla na shekaru daban-daban, an haɗa su faci-faci, an sa tsohon zane a ciki, an rufe bayan da wani, sannan aka bi shi da farin zare layi-layi daga wannan baki zuwa wancan. Inda shuɗi ya ƙare an cike da ja, kuma jan ya faɗo daidai inda ido ke son hutawa. Kakar yaron ce ta yi, a tsakar gida, tsakanin daka da girki. A cikin gidan ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Bargon yaro ne kawai.

A wasu ƙasashe irin wannan bargo ya daɗe da barin gado ya hau bango. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauyen baƙaƙen fata, jikokin bayi, a lanƙwasar kogi, ana ce masa Gee's Bend. Matan ƙauyen sun yi zamani suna yanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan abinci suna haɗa barguna don kada 'ya'yansu su kwana cikin sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunan a babban gidan zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York, masana suka jera su da ayyukan manyan masu zanen zamani, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki. Tun kafin su akwai Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Jojiya a 1837. Barguna biyu nata suka rage, ɗaya a gidan tarihin Smithsonian a Washington, ɗaya a Boston. A Bengal mata kan jera tsofaffin mayafai su bi su da ƙaramin ɗinki, su kira shi kantha. A yau akwai masu fasaha da yawa da ke yin irin waɗannan barguna don kallo kawai, kuma bayan shekaru suna aiki da keke, da yawansu sun dawo ga allura da zare, domin takin hannu yana da abin da na inji ba shi da shi: ba ya maimaita kansa, yana nuna inda mai yi ya gaji da inda ya natsu.

Abin da ya tsaya wa matafiyin a rai shi ne zancen suna. Kowane bargon Gee's Bend da aka rataye, an rubuta sunan matar da ta ɗinka shi a gefe, da shekarar da ta yi shi. Rigunanmu da ke gidajen tarihin Turai kuwa galibi abin da ake rubutawa shi ne Hausa ko Nufe, ƙarni na 19, sai sunan Baturen da ya kawo. Laifin ba na Turawa kaɗai ba ne. A gida ma riga sunan mai sa ta take ɗauka. Za a ce rigar Sarki wane, rigar Alhaji wane, a wurin biki a tambayi nawa aka saye ta da kuma shaddar wace ƙasa ce, amma da wuya ka ji an tambayi hannun wa. Matafiyin yana ganin wannan rashin tambaya ya yi wa sana'ar illa fiye da zuwan keke, domin aikin da ba a san mai shi ba, ba a jin nauyin taya shi da arha.

An samu waɗanda suka yi ƙoƙarin rubuta abin kafin ya ɓace. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zauna da masu zane da masu surfani yana tattara sunayen zane-zane, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kammala digirinsa na uku a kan surfanin tufafin Hausa a 1979. Colleen Kriger ta bi tarihin rigunan daular Sakkwato. Elisha Renne kuma ta rubuta yadda matan birnin Zariya suka shiga surfanin babbar riga, aikin da a da na maza ne, suna yin sa a cikin gidajensu, har wasunsu suka haɗu a 1994 suka kafa ƙungiyar ɗinki mai sunan Sarauniya Amina, suna ɗora tsofaffin zane-zanen riga a kan matasai da jakunkuna da rigunan mata, suna sayarwa har ƙasashen waje. A Zariya sana'ar ta sami sabon hannu da sabuwar kasuwa. A ƙauyukan bakin iyaka abin da ya fi rayuwa shi ne ɗinkin hula, wanda mata da 'yan mata ke yi don haɗa kayan ɗaki da biyan ƙananan buƙatu.

Lissafin dattijon mai sauƙi ne, kuma bai faɗe shi da ƙorafi ba. Abin da zai yi a wata uku, inji na yin mai kama da shi kafin a yi sallar Azahar. Mai saye yana tsaye a rana, yana duban riguna biyu daga nesa, ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi sau da yawa. Ga zare ya yi tsada, ga masaƙan saƙi sun ƙaranta, masaƙun zamani na Kaduna ma da suka fara aiki a 1957 sun rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon wannan ƙarni, yadi ya koma na Sin da na Turai. 'Ya'yansa maza sun iya riƙe allura, amma ɗaya na kan babur tsakanin Illela da Konni, ɗaya na cin rani a kudu, kuma bai ga laifinsu ba. Masu kawo masa aiki yanzu 'yan kaɗan ne: mai shirin naɗin sarauta, ko ango ɗan gidan malamai da mahaifinsa ya dage sai aikin hannu, ko irin wannan baƙo da ya zo da rigar gado.

Dattijon ya sa yarinyar ta ɗauko masa wani ƙunshi daga cikin ɗaki. Da ya kwance tsumman sai ga ɗan curin tsamiya, bai fi ƙwan zabo ba, ragowar wani aiki da ya yi tun da daɗewa. Ya warware kamu ɗaya, ya ɗora a kan askar da ta yage. Sabon ya fi tsohon haske. Baƙon ya tambaya ko akwai dabarar da za a yi a rage masa fari don kada gyaran ya fito. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce zai fito, kuma gara ya fito. In an yi shekara goma ana sawa ana wankewa za su sasanta da kansu.

Da farko sai ya yanko ɗan ƙyalle daga cikin shafin rigar, inda ba a gani, ya shimfiɗa shi a bayan yagewar ya zama madogara. Ya kama shi da manyan taki don kada ya motsa, irin dai takin mai akumari na kasuwa, sai dai da siririyar allura. Sannan ya ɗauki alƙalami, ya tsoma a tawada, ya maido da layin askar a inda ya ɓace, jan farko, hannunsa bai yi rawa ba. Zura zare ne kawai ya gagare shi. Ya miƙa wa yarinyar, ta juya wajen haske, ta lashi bakin zaren, ta zura, ta miƙo masa, ta tsuguna kusa da gwiwarsa tana kallo.

La'asar ta gabato, ɗan kabu-kabu ya fara duban rana. Aka yi maganar lada, dattijon ya faɗi abin da baƙon ya ji kunyar ƙanƙantarsa, ya ƙara masa a kai, sannan ya roƙi izinin rubuta sunansa da na garinsu da shekarar a kan ɗan ƙyalle, a ɗinke shi a cikin aljihun in an gama. Dattijon ya yi shiru kaɗan, ya ce ba a saba ba, amma ba haram ba ne. Ya ce a dawo bayan sati shida, in Allah ya kai mu, kuma a zo da safe.

"Allah shi kiyaye hanya, ɗana. Ka gai da mutanen gida."

Babur ya tashi, jakar matafiyin ba komai a cikinta. Da ya waiwaya daga bakin gonaki, dattijon ya riga ya sunkuya a kan rigar, ya jawo tabarmarsa gaba kaɗan zuwa inda sauran hasken yake, yarinyar kuma na riƙe masa gefen yadin don kada iska ta ɗaga shi.